Abubakar Imam: malamin Turancin da ya rubuta Magana Jari Ce

A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi na Nijeriya, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar cewa gwamnati ta soke tsarin koyar da yaran firamare da harshen uwa, an koma Turanci tun daga ajin farko har sama. Tsarin da aka soke ɗin ma bai daɗe ba. A ƙarshen 2022 ne Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shi, lokacin da Malam Adamu Adamu yake minista, inda aka ce shekara shidan firamare duk da harshen uwa za a yi su. Idan kana riƙe da waya a waɗancan kwanaki, ai ka ga yadda aka kwashe. Wasu na cewa an yi wa harsunanmu kisan mummuƙe. Wasu na cewa gara haka, don Hausa ba za ta ci wa yaro jarrabawar JAMB ba, ba kuma za ta samar masa aiki a banki ba. Wataƙila kai ma ka jefa taka, wataƙila har ka ɓata da wani aboki a kai.

To ɗan dakata da wannan faɗan tukuna, in ba ka labarin wani mutum. Sunansa ba baƙo ba ne a kunnenka. Ko ba ka taɓa buɗe littafinsa ba, ka ji ana zancen akun nan mai surutu da ya zama waziri, ko Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Abin da mai yiwuwa ba a gaya maka ba shi ne, mutumin da ya ƙirƙiro su, aikinsa na farko da ya karɓi albashi a kai koyar da Turanci ne.

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a Kagara, wadda a lokacin take ƙarƙashin Kwantagora, yanzu kuma tana cikin Jihar Neja. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne, don haka allo da tawada ne suka fara shiga hannun yaron kafin fensir. Riƙe wannan a ranka, don Larabcin da ya taso da shi zai dawo ya yi masa rana a gaba. Wansa Malam Bello Kagara, wanda ya girme shi da wajen shekara ashirin, shi ne ya ja shi zuwa Katsina ya sa shi a boko. Bello ɗin nan shi ne daga baya ya zama Walin Katsina, kuma shi ne ya rubuta Ganɗoki. Gida ɗaya, marubuta biyu.

Kafin mu ci gaba sai ka san irin makarantar da ake da ita a Arewa a wancan zamani, don a nan ne tushen rigimar da kuke yi yau yake. Makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa a Nasarawa ta Kano aka buɗe ta a 1909, a hannun wani Bature mai suna Hans Vischer, wanda saboda iya Hausarsa aka laƙaba masa Ɗan Hausa. Gidansa yana nan a Kano har gobe, in ka je za ka gani. Da Hausa aka koyar a makarantar, da haruffan boko. Tsarin da ya kafu bayan nan shi ne, elementare da harshen gida, Turanci sai an hau midil. Su kuwa 'yan mishan, waɗanda suka cika Kudu da makarantu, an taƙaita musu shiga masarautun Musulmi. Makarantun gwamnati da na En'e kuma ba su da yawa. Wato Arewa ta riga kowa gwada koyarwa da harshen uwa, tun kakanka bai yi wayo ba, sai dai yaran da suka samu shiga 'yan ƙalilan ne, masu wucewa gaba kuma sun fi haka ƙaranci.

Abubakar yana cikin 'yan ƙalilan ɗin. A 1927 ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, makarantar da a lokacin babu ta biyunta a duk faɗin Arewa. A can ya yi zamani da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kwalejin Katsina ta yi suna wajen Turanci, ba wasa ake da lafazi ba, shi ya sa har yau in ka saurari tsofaffin faya-fayan jawabin Tafawa Ɓalewa za ka ji yadda kalmomi ke fita tsaf. Imam ya gama a 1932, aka tura shi Makarantar Midil ta Katsina yana koyar da Turanci. Saurayi ɗan shekara ashirin da ɗaya, ga Larabci, ga Turanci, ga Hausa ta gado.

Yanzu ga matsalar da ta dami masu tafiyar da ilimi a lokacin, kuma ina so ka lura da ita sosai, don ita ce dai har yau ba ta sake mu ba. An koya wa yaro haɗa baƙi, ya iya karanta Hausar boko, to sai me? Me zai karanta? Littattafan da ake da su ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, galibinsu fassara ce daga Larabci ko Turanci, wasu kuma na tsabtar jiki da noma da makamantansu. Malaman ƙasar Hausa sun daɗe suna rubutu, da Larabci da ajami, waƙoƙin wa'azi da fiƙihu da tarihi, wannan ba a jayayya. Amma ƙagaggen labari a zube, wanda yaro zai ɗauka don daɗi ya kasa ajiyewa, babu shi a boko. Yaron da ba shi da abin karantawa kuwa, in ya bar makaranta da shekara biyu sai karatun ya gudu.

Akwai wata hukuma da aka kafa don wannan aiki, Hukumar Fassara, wadda daga baya ta koma Hukumar Talifi, mazauninta a Zariya. Shugabanta wani Bature ne, Dakta Rupert East. A 1933 East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman masu ilimi su rubuta labarai na ƙirƙira da Hausa, aka sa gasa. Abin bai zo da sauƙi ba, don malamai da yawa suna ganin ƙaga labari aikin tatsuniya ne, na mata da yara da dare, bai dace da mai rawani ba. Duk da haka rubuce-rubuce sun shigo, aka zaɓi biyar aka buga: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East.

Dubi jerin nan da kyau. Mutumin da daga baya duniya ta yi ta yabon Turancinsa, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya, da Hausa ya rubuta littafinsa. Malamin Turancin midil ta Katsina, da Hausa ya rubuta nasa, yana ɗan shekara ashirin da biyu. Shekarunka nawa yanzu? Ban tambaya don in ci maka fuska ba, ni ma da na lissafa sai da na yi shiru.

Ruwan Bagaja labarin Alhaji Imam ne da yawon da ya yi a duniya yana neman wani ruwa mai magani, da yadda suka yi ta haɗuwa da Malam Zurƙe suna rama wa juna tsiya. Masu nazari sun nuna cewa akwai ƙamshin littattafan Larabci a ciki, musamman Maƙamat na Hariri, wanda ɗaliban zaure suka sani. Karatun gidan Malam Shehu Usman ke nan ya fito. Amma barkwancin, da zagin wasa, da yadda mutane ke magana, wannan na kasuwa ne da bakin tasha, na ƙasar Hausa tsantsa.

East ya ga abin da yaron nan zai iya, sai ya nemi a ba shi aronsa. A 1936 Imam ya je Zariya ya zauna wata shida. Aka tara masa littattafai na ƙasashe daban-daban, na Larabawa irin su Alfu Laila da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Turawa irin waɗanda 'yan'uwan nan biyu na Jamus, Grimm, suka tattara, da hikayoyin Gabas. Ya karanta, ya narkar da su, ya haɗa da na gida. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, labarai wajen tamanin, aka fara bugawa a 1937.

A nan zan ɗan jima, don mutane da yawa suna ɗaukar littafin nan a matsayin abin nishaɗi kawai. Littafin makaranta ne fa. Don aji aka yi shi, don yaran da suka iya haɗa baƙi su samu abin da za su yi ta karantawa har karatun ya zauna. Dubi yadda aka gina shi. Sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, waziri yana ƙulla makirci a waje, aku kuma yana riƙe yaron da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa tarko. Kowane labari gajere ne, daidai zama ɗaya, amma uwar labarin ba ta ƙarewa, dole gobe ka dawo. Wanda ya taɓa tsayawa gaban yara arba'in da rana tsaka ne kaɗai zai san darajar wannan dabara, kuma Imam ya tsaya. A littafi na biyu aku ya shiga gasar ba da labari da wani akun, a na uku kuma yana koyar da ɗansa Fasih yadda ake zama da mutane da sarrafa harshe. Wato littafin da kansa makaranta ce, har da malami da ɗalibi a ciki.

Akwai masu cewa ai kwashe-kwashe ya yi, labaran ba nasa ba ne. Gaskiya ne yawancin ƙashin labaran aro ne, shi ma aikin da aka ba shi ke nan. Amma je ka ɗauko labarin mai busar nan da ya janye yaran gari, wanda asalinsa daga wani gari ne a Jamus, ka karanta yadda ya fito a hannun Imam. Ba za ka ji ƙamshin Jamus ko kaɗan ba. Ga sarki, ga fadawa, ga kirari, ga karin magana a inda ya dace, kamar a bayan ganuwar garinku abin ya faru. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Wanda bai ƙware a harshen da ya ɗauko ba zai yi kuskuren fahimta, wanda bai ƙware a harshen da ya zuba ba zai fito da fassara mai ƙashi a wuya, irin wadda kake gani a wasu takardun faɗakarwa ka karanta sau uku ba ka gane ba. Imam ya riƙe ɓangarorin biyu. Da bai iya Turanci da Larabci ba, da babu Magana Jari Ce. Da kuma ya raina Hausa kamar yadda wasu masu digiri ke yi yanzu, da ya ƙare a malamin Turanci mai kyau wanda ba wanda zai tuna da shi bayan ɗalibansa sun mutu.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: a waɗannan shekarun ne ake ta daidaita yadda za a rubuta Hausar kanta. Babban ƙamus na Bargery ya fito a 1934. Haruffan nan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, a shekarun 1930 suka samu gindin zama, a da ɗigo ake sa wa a ƙarƙashin harafi. Mutane sun zauna sun yi gardama, an kashe kuɗi an ƙera haruffan a injin ɗab'i, don kada a rikita ƙasa da kasa, ko ɓata da bata. Kai kuma ga su nan a wayarka kyauta, danna harafi ka riƙe kawai, amma sai ka rubuta dogon bayani na kare martabar Hausa babu ƙugiya ko ɗaya, kana haɗe kalmomi yadda ka ga dama. Ke ma 'yar'uwa ban cire ki ba.

A watan Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam ne editanta na Hausa, ya kuma riƙe ta shekara goma sha biyu. Kwabo ɗaya ake sayar da ita. Ta fito ne a daidai lokacin da jita-jita ta cika gari cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus, kuma ba a rufa shekara ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Ka yi tunanin aikin da ke gaban edita. Dole ya yi wa manomi a Funtuwa ko maɗinki a Gusau bayanin jirgin sama mai jefa bam, da jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin teku, da ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba, da majalisa, da zaɓe, duk da Hausar da zai gane in an karanta masa a dandali. Kalmar da babu sai a ƙera ta, ko a aro a gyara mata zama. Masu cewa Hausa ba ta da kalmomin kimiyya suna magana kamar kalmomi daga sama suke faɗowa. A teburin aiki ake yin su, mutum ya gwada wannan ta ƙi, ya gwada waccan jama'a su karɓa. Jaridar ta kuma buɗe fili ga wasiƙun masu karatu, mutanen da ba su wuce elementare ba suka samu inda za su yi ƙorafi a rubuce, wani a Sakkwato ya ba wani a Yola amsa. In ka ce ita ce Facebook ɗin zamaninsu ba ka yi nisa da gaskiya ba, sai dai a can akwai edita mai tacewa.

To amma kada ka ɗauka labarin duk na ɓangare ɗaya ne. In kana cikin masu goyon bayan Turanci, ga naka. Tsarin nan na elementare da Hausa, Turanci sai 'yan tsirarun da suka kai midil, ya bar Arewa a baya ƙwarai a aikin gwamnati. Akawu a ofis, ma'aikacin jirgin ƙasa, na gidan waya, na kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa da auduga, duk da Turanci ake aikin, don haka galibi daga Kudu ake kawo su. Ɗan Arewa ya iya karatu da rubutu da Hausa sarai, amma yana tsaye a bakin taga wani na cike masa takarda. Kuma akwai Turawan mulki da hakan ya yi musu daɗi, don ba sa son a samu irin 'yan bokon Legas masu rubuta musu raddi a jarida. Saboda haka tsoron da wasu iyaye ke yi yau, cewa koyarwa da harshen gida wata hanya ce ta rufe wa ɗan talaka ƙofa alhali masu kuɗi na kai nasu makarantun kuɗi inda ake Turanci tun daga nazare, tsoro ne mai tarihi. Kada ka yi musu dariya.

Imam ya san wannan ciwo, a cikinsa ya rayu. A 1943, ana tsakiyar yaƙi, ya shiga tawagar editocin Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila, tare da su Nnamdi Azikiwe. A can ya gana da Lugard, tsohon gwamnan da ya ci Arewa da yaƙi, wanda a lokacin ya haura shekara tamanin. Ya zayyana masa damuwar matasan Arewa masu ilimi, da gyaran da tsarin mulkin En'e ke buƙata, da yadda aka bar yankin a baya, daga baya kuma ya bi da wasiƙu. Da wane harshe kake jin ya yi wannan? Turancin Kwalejin Katsina ne ya kai shi ɗakin, shi ya sa aka saurare shi ba tare da tafinta ya rage masa zance ba. A tafiyar nan ne kuma Azikiwe ya shirya takardar neman a sa wa'adin ba da mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu. Har yau ana saɓani a kan wannan. Wasu na ganin ya yi wa Turawa kara da yawa, wasu na ganin ya duba ne ya ga yankinsa ba shi da isassun ma'aikata da masu ilimin da za su riƙe nasu in an tashi raba aiki. Ni dai ina ganin na biyun ya fi kusa, ko da yake ba laifi ba ne a ce mutumin yana da taka-tsantsan fiye da su Sa'adu Zungur da Aminu Kano, waɗanda suka fi shi zafi nesa ba kusa ba. Da ya dawo gida, labarin tafiyar da Hausa ya rubuta shi, a littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi, don wanda bai taɓa ganin teku ba ya san abin da ke bayanta.

Siyasa ta ja shi na ɗan lokaci. Yana cikin waɗanda suka yi fafutukar kafa ƙungiyar da ta zama Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, tare da su Dakta Dikko, likitan farko daga Arewa, ya kuma shiga majalisa a farkon shekarun 1950. Bai daɗe a wannan fage ba. Daga baya ya yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa, a lokacin da ake ta ƙoƙarin cike ofisoshi da 'yan yankin, wato dai ciwon nan na bakin taga ne yake ƙoƙarin magancewa ta wata hanyar. Can gaba kuma ya riƙe muƙamin kwamishinan sauraron koke-koken jama'a.

Abin da ya fi shafar zancenmu shi ne injin da aka gina a Zariya a kewayen aikin nasu. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, da maɗaba'arsa. A shekarun 1950 aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci don koyar da manya, aka kuma kafa hukumar NORLA mai samar da abin karantawa. Littattafai ƙanana masu araha suka yi ta fita, da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato. Kuma ba Hausa kaɗai ba, an yi bugu da Kanuri da Fulatanci da Tibi da wasunsu. Wannan ma abin lura ne gare mu masu jin Hausa, don wani lokaci in muna cewa harshen uwa, namu kawai muke nufi. Nijeriya na da harsuna sama da ɗari biyar. Yaron da ya taso da Bajju ko Tangale ko Nufanci, in ka ce dole da Hausa za a koyar da shi, ka yi masa abin da kake kukan an yi maka da Turanci. NORLA ɗin ma ba ta yi tsawon rai ba, a 1959 aka rufe ta, daga baya kamfanin NNPC na Zariya ya gaji buga littattafan.

Yanzu dawo da hankalinka kan sanarwar minista. Tun a 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa a shekarun farko na firamare, kafin a juya zuwa Turanci. Kai da ka yi firamaren gwamnati, gaya mini tsakani da Allah, ka taɓa riƙe littafin lissafi ko na kimiyya da aka rubuta da Hausa? Abin da akasari ake yi shi ne, littafi da Turanci, malam ya karanta ya fassara da baki iya iyawarsa, yara su amsa da ƙarfi, jarrabawa kuma ta zo da Turanci. Yaro ya gama aji shida bai iya karanta wasiƙa da Hausa ba, bai kuma iya da Turanci ba. Aka zo 2022 aka ce shekara shida, aka zo 2025 aka ce an fasa saboda sakamakon jarrabawa ya lalace. Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda za a ɗora wa tsari laifin faɗuwar ɗalibai alhali yaran da suka shiga aji ɗaya a ƙarƙashinsa ko firamare ba su gama ba, balle su zauna WAEC.

An taɓa gwada abin da gaske a ƙasar nan, a Jami'ar Ife, daga 1970, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Babs Fafunwa. Aka koyar da yara duk darussa da Yarbanci shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi a hannun malaman da aka horar musamman. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. Amma kafin a kai ga haka sai da aka zauna aka rubuta littattafan lissafi da kimiyya da Yarbanci, aka ƙera kalmomi, aka sake horar da malamai. Aikin da Imam da East suka yi a Zariya ke nan, wanda ba ya cikin sanarwar 2022, ba ya kuma cikin ta 2025. In an ce Turanci zalla, su wa za su koyar da shi a ƙauyen da malamin kansa bai sake da shi ba? In an ce Hausa, ina littattafan, wa zai rubuta, wa zai biya? Mai kare Hausa da bai taɓa rubuta shafi ɗaya mai tsabta da ita ba, da mai kare Turanci da bai damu da ko akwai malamin da zai koyar da shi ba, duk ɗan talaka ɗaya suke bari a tsaye.

Kuma kai da ke karatun likita ko injiniya ko kimiyyar kwamfuta, kana da abin da Imam bai samu ba. Shi sai da aka ɗauke shi daga Katsina zuwa Zariya, aka ajiye masa littattafai, aka jira injin ɗab'i. Kai kana iya bayyana yadda ƙoda ke aiki ko yadda ake lissafin kashi cikin ɗari da Hausa mai kyau a daren yau, mutum dubu su gani kafin asuba. Akwai matasa da suka fara, a bidiyo da rubutu da Wikipedia ta Hausa, sai dai ba su kai yawan masu faɗan ba.

Alhaji Abubakar Imam ya ci gaba da rubutu har tsufansa, har da littattafan tarihin Musulunci. Ya rasu a Zariya a watan Yunin 1981, yana da shekara saba'in. Tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tace aka buga a 1989, da Turanci yake. Magana Jari Ce kuwa har yanzu ana buga shi, kuma in ka leƙa wajen masu sayar da littattafai a Sabon Garin Zariya ko Kano ka tambaya, za a miƙo maka. In ka saya, fara da ƙaninka ko ƙanwarka da ke aji huɗu: buɗe shafin farko ka miƙa masa, ka ce ya karanta maka da ƙarfi, ka ji inda zai tsaya.